Tayar Baya Ce Liman

Duk abin da zan manta a aikin nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa Kawu tafi a gaban kwastoma ba. Ku da kuka shigo koyo bana, musamman ke Saliha da ke Maryama, kun sha tambayata me ya sa a garejinmu ba a jan zare sai an yayyafa ruwa an yi shara, me ya sa kuma in na tafa hannu kowa yake ajiye sifana. Kawu ya ce in rubuta muku da kaina. Karatuna aji huɗu ne na firamare, sai Islamiyyar matan aure, don haka in kun ga harafi ya karkace ku yi masa alaimen da kanku, ku miƙar da shi yadda muke miƙar da tayoyin mota.

Saboda wanda bai taɓa zuwa ba: garejinmu yana bakin titi a Makarfi, in ka kama hanyar Ikara. Rumfar kwano ce da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota da filin ƙasa a gaba. Kawu Isyaku, ƙanin mahaifiyata, shi ne Oga, maganarsa ce ta ƙarshe a kan kowace mota. Mai bi masa Garba ne, babban ɗansa, shi ke karɓar mota ya raba aiki. Ni ce ta uku, ni ce kuma ta ƙarshe a lokacin. Garba ɗan kawuna ne, abokin wasana ke nan, saboda haka duk wanda ya ji irin maganganun da yake yaɓa mini kada ya ɗauka faɗa ne.

Na shigo garejin ne bayan maigidana, Baban Iklima, ya faɗi a babur ya karye a ƙugu. Iklima tana wata tara a bayana. Kawu ya je har gida ya nemi izininsa, ya ce in riƙa zuwa ina shara ina riƙe bakin tef, ko ba komai tukunya ta hau wuta. Ni mace ce mai fargaba, ba na ɓoyewa. In Iklima ta yi tari sau ɗaya sai na taɓa goshinta sau goma. In aka ce an gama aiki sai in ji bakina ya ce, “Anya?” Daga nan Garba ya laƙaba mini Hajiya Anya. Kawu kuwa ya ce irin wannan fargabar alaimen yake so. Da na cika shekara ya ba ni sifana ya ce in shiga rami.

Ga yadda muke aikin a lokacin. Mota in ta shigo, a fara duba iskar tayoyi, don taya mai ƙarancin iska ma tana jan mota. A ɗaga gaba da jak a girgiza kowace taya, a ji ko akwai abin da ya saki. In babu, a sauke, a miƙar da sitiyari. Sai a ɗauko zare irin na magina, a ɗaura a bayan tayar baya, a ja shi ya shafi gefenta ya wuce har gaba. Daga nan a gwada da tef tsakanin zaren da bakin rim ɗin tayar gaba, ta gabansa da ta bayansa. In sun saɓa, mai rami ya kwance notin tayarod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya murza har tayoyin gaba su miƙe, su ɗan kalli juna da kaurin tsinken ashana kawai.

Kun lura daga baya zaren yake tasowa. Kawu yana da wata magana da ya gada daga nasa Ogan: “Tayar baya ce liman, ta gaba mamu ce. Inda liman ya fuskanta, nan sahu yake fuskanta.” Dalilinsa, a motocin kaya tayoyin baya a kan ƙarfe ɗaya suke, babu abin murzawa a jikinsa. Shekara da shekaru babu wanda ya taɓa tuhumar liman a rumfar nan.

A shekarata ta biyu ne, damina ta ɗauke an shiga saran rake, Baba Tanimu ya kawo a-kori-kurarsa. Dattijon direba ne daga Likoro, mai ƙaton murya, yana ɗauko rake daga gonakin Kudan zuwa kasuwar Makarfi, matan da ke da ɗauri biyu ko uku a ciki su hau saman kayan su zauna. Ya ce motar tana ja hagu, wajen motocin da ke tahowa. Ni na yi mata alaimen, Kawu ya zaga da ita ya ce lafiya lau. Bayan kwana uku ya dawo da ita. Garba ya sake gwadawa, ya tarar da awona daidai, amma ya sauya wa tayoyin gaba wuri don a ce an yi wani abu. Ta sake fita lafiya lau.

Ranar wata Talata da hantsi, na gama yayyafa wa filin ruwa na share shi ke nan, sai ga a-kori-kura ta shigo da rake har ya fi kanta tsawo. Baba Tanimu ya diro bai ko gama sallama ba.

“Oga Isyaku, so kake in kashe matan mutane? Yanzun nan a kan gada saura ƙiris in shige ƙarƙashin tirela! Mata shida a sama suna salati. Ka ga kafaɗar nan? Tun daga Kudan nake kokawa da sitiyari kamar mai riƙe da ɗan maraƙi.”

Kawu ya ce, “Subhanallahi. Sannu, Malam Tanimu. Zauna mu yi magana.”

“Ba zama na zo yi ba. Tun da yarinyar nan ta sa hannu a ƙafar motata ban sake jin daɗinta ba.”

“Ai da ja ka kawo ta.”

“Da ja take yi, yanzu fizga take! Ina ka taɓa ganin mace a rami in ba rijiya ta faɗa ba? Zan je in sauke kayan nan in dawo bayan azahar. Kai da kanka za ka yi. In ta sake ja, wallahi duk tasha sai ta ji.”

Ya hau ya fita. Kawu ya kira ni bayan rumfa, inda Iklima take zaune a tabarma tana wasa da murfin galan. Bai iya kallon idona ba.

“Ɗiyata, ni ban ga laifinki ba. Amma tasha ta riga ta fara magana. Jiya motoci biyu suka juya da suka hango hijabi a rami. In motar nan ta fita yau ta sake dawowa, sai ki ɗan huta a gida.”

Na ce, “To, Kawu.” Me zan ce? Na san irin wannan hutun, ba a dawowa daga shi. Na tuna Baban Iklima yana zaune a zaure da sandarsa yana ɗinkin hula, kullum in na dawo sai ya ce, “Injiniya, yau mota nawa kika miƙar?” Da wane bakin zan gaya masa an mayar da ni?

Ni in hankalina ya tashi tsintsiya nake ɗauka. Na fita in kwashe ganyen raken da ya zube a fili. Na sunkuya ke nan sai idona ya faɗa kan sawun motar a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Shekara biyu ina sharar filin nan, na san sawun mota kamar yadda na san tafin hannun Iklima. Mota in ta shigo a miƙe, layi biyu take bari, don tayar baya tana taka inda ta gaba ta taka. Wannan kuwa layi huɗu ne. Tayoyin bayan Baba Tanimu masu manyan haƙora ne, ba a ɓata su, ga su nan sun kauce dama, duka biyun. Na ɗora hannuna: yatsu huɗu cif. A inda ya shigo a miƙe fa, ba a kwana ba.

Sai Baffa ya faɗo mini a rai. Mahaifina ke nan, Bafulatani ne, a rugarmu ta wajen Janfalan na yi ƙuruciyata. Da safe in an saki shanu, Baffa ba shanun yake fara kallo ba, ƙasa yake kallo. Yakan ce, “Rukayya, saniya mai lafiya a sawun kofaton gaba take ajiye na baya. In kin ga na baya ya kauce, kada ki tsaya duba kanta, ƙugunta za ki duba.” Mu kuwa sau biyu muna duba kan motar nan.

Na ɗago in kira Kawu, sai na fasa. In ce masa me? In ce abin da Ogansa ya koya masa tun ba a haife ni ba akwai gyara a ciki, hujjata kuma shanu? Ina tsaye ina wannan shawara Garba ya shigo da wata mota ya bi ta kan sawun, mai babur ya bi, awaki suka bi. Kafin azahar babu abin da ya rage sai a kaina.

Da na idar da salla na sake yayyafa ruwa na share, kamar mai neman abin yi. Baba Tanimu ya dawo babu kaya. Yana wucewa na kalli ƙasa. Layi biyu ne. In akwai kaucewa ba ta fi yatsa ɗaya ba. Na ce wa raina, shi ke nan Rukayya, fargabarki ce ta zana miki layi huɗu. Na juya zan ajiye tsintsiya sai na ga bayan motar a ɗage, fayau, babu ko sanda ɗaya. Da safe fa? Da safe a durƙushe take da rake. Sau biyu muna gwada ta, sau biyu Kawu yana zagawa da ita, duk babu kaya. Shi kuwa mai ita bai taɓa jin ja ba sai da kaya.

Kawu ya naɗe hannun riga ya ɗauko zaren da kansa. Mutane sun ɗan taru, don muryar Baba Tanimu ta riga ta yi gayya: mai faci na kusa da mu, mai shayi, da wasu direbobi biyu. Kawu ya yi bisimilla ya durƙusa gindin tayar baya zai ɗaura.

Na san in ya ɗaura zaren nan awo zai fito daidai, motar ta fita, ta ɗauki mata shida ta koma kan gada, ni kuma in koma gida. Amma Kawu ne, uba ne, Oga ne, ga kwastoma ga baƙi. Ba a yi mini tarbiyyar katse babba a cikin mutane ba. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. A nan ne karatun Islamiyya ya zo mini. Malamarmu ta taɓa koya mana cewa in liman ya yi rafkanuwa a salla, maza su yi tasbihi, mace kuwa ta tafa hannu.

Na ajiye tsintsiya. Na buga tafin dama a bayan hagu, sau biyu. Ƙarar ta fi yadda na yi niyya.

Kowa ya juyo. Garba ya ce, “Hajiya Anya, biki ake ba a gaya mana ba?”

Na ce, idona a ƙasa, “Kawu, liman ne ya yi rafkanuwa.”

Kawu ya ɗago, zare a hannu. “Wane liman?”

“Naka. Na baya.”

Baba Tanimu ya ce, “Ka ji ko? Ka ji irin abin da nake faɗa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi…”

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, ni ban hau rimi ba. A ƙasa na gani.”

Mai shayi ya ƙyalƙyale da dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa ya ce, “Faɗi abin da kika gani.”

Na faɗa: layi huɗu da safe, layi biyu yanzu, da maganar Baffa. Garba ya ce, “Bafulatana dai ba ta rabuwa da shanu. Yanzu sai ki ce a tatsi motar.” Na ce abin da nake roƙo kawai a ɗora mata kaya, in yi shara, a shigo da ita a miƙe.

Baba Tanimu ya ce, “In koma Kudan in saro rake don yarinya ta yi wasan ƙasa?”

Kawu ya riƙa naɗe zaren a yatsansa. Na san abin da yake aunawa. In aka yi ba a ga komai ba, ba ni kaɗai za a yi wa dariya a tasha ba. Can ya ce, “Garba, je wurin Alhaji mai shagon hatsi, ka ce ina aron buhunan masara zuwa la'asar.”

Aka ɗora buhu takwas. Na yayyafa ruwa na share fili har ya yi sumul kamar za a shanya gari. Baba Tanimu ya fita titi ya juyo ya shigo a hankali yana ƙunƙuni. Duk muka sunkuya.

Yatsa ɗaya da ɗan kai. Abin da kowa zai iya cewa karkatar hannun direba ce.

Na kalli Garba ina jiran tsiyarsa, sai na ga ya kau da kai. Ranar da abokin wasanka ya fasa yi maka tsiya, ranar ka san abu ya ɓaci. Iklima ta zo ta kama gefen hijabina, na ji kamar in goya ta in kama hanya.

Baba Tanimu ya leƙo ta taga yana dariya. “An gama duban? Wai ma wannan kuke kira kaya? Buhu takwas? Ni in na yi lodi sai sifirin ya kwanta shimfiɗe kamar tabarma!”

Ban san lokacin da na ce, “To Baba, a yi mata irin lodinka mana,” ba. “Kuma ka bi da ita ta gargadar bayan kwalbati, ka taka burki yadda kake takawa in ka gangaro gada.”

Shi ya faɗa da kansa a gaban mutane, babu halin janyewa. Aka ƙaro buhuna har aka kwashe na gaban shagon Alhaji. Ba su isa ba, Kawu ya ce a hau. Garba ya hau, mai faci ya hau, direbobin nan biyu suka hau, mai shayi ya bar tukunyarsa ya hau yana cewa shi dai a sauke shi Kudan. Sai da bayan motar ya durƙusa irin na safe. Na sake share fili.

Suka tafi. Na ji ƙarar burki daga bayan kwalbati, na ji ihun mai shayi. Suka juyo. Motar tana shigowa na rufe ido, ina jin tayoyi suna wucewa ta gabana. Ban buɗe ba sai da na ji Kawu ya ce, “Ikon Allah.”

Layi huɗu. A fili, kamar an ja su da tsinke.

Baba Tanimu ya sauko ya tsuguna. Bai tambayi kowa ba, ya ɗora nasa hannun tsakanin sawun gaba da na baya. Yatsunsa manya ne, uku da rabi suka cike wurin. Ya daɗe a tsugune.

Kawu ya ce kada kowa ya sauko. Ya miƙo mini tef, wannan karon ni ke da kan da ake karantawa, shi ya riƙe bakin. Muka gwada daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu. Muka zaga dama. Na karanta, na sake karantawa, don ni ce. Dama ta fi tsawo da inci ɗaya da rabi.

Kawu ya ɗauki tocila ya kwanta ƙarƙashin motar a gefen dama. Ya kira ni in leƙa. Ga bayanin abin da muka gani, don ku riƙe. Ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya a kan sifirin yake zaune, wato jerin ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaukar nauyin kaya, akwai kuma wani ƙusa a tsakiyar sifirin, santa bol, shi ke riƙe shi kada ya zame gaba ko baya. Na dama ya karye, notocin da ke matse wurin sun saki. A jikin sifirin akwai wani wuri da tsatsa ta goge ya yi fari tas kamar gindin tukunyar da aka dirje da toka, alamar ƙarfen ya daɗe yana kai da komo. In babu kaya, sifirin ya lanƙwashe ya riƙe shi kusa da mazauninsa. In kaya ya danne aka taka burki, sai ya zame baya ta dama. Bayan motar ya nufi dama, kanta ya nufi hagu, wajen tirela. Mu kuma muna ta ɗaura zare a jikin mai laifin muna tuhumar masu binsa.

Kawu ya fito yana kaɗe ƙasa daga gemunsa. Ya dubi mutanen da ke saman buhuna, ya dube ni. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Liman ya yi rafkanuwa, mamu ta tuna masa. Ku sauko. Garba, kawo jak, za mu yi ƙabli da ba'adi.”

Aka sauke buhuna, aka ɗaga baya, aka sa sabon santa bol, aka mayar da ƙarfen mazauninsa aka matse. Muka sake gwada tsawon gefe biyu, suka zo ɗaya. Saura gaba, don a awon da muka yi mata a da, liman karkatacce ta bi. Kawu ya ɗauko zare ya tsaya da shi a hannu.

“Malam Tanimu, da safe ka ce ni da kaina. Har yanzu haka ne?”

Baba Tanimu ya tura hularsa gaba ya sosa ƙeya. Ya kalli titi, ya kalli sama. Ya ce, “Ba ta.”

Na shiga rami. Na kwance, na murza, Garba yana karanta mini tef daga sama. Da ya ce ya yi, na ce, “Anya?” Ya ce, “Wallahi yau ko sau goma kika ce anya zan sake gwadawa.” Ya sake. Na ɗaure notocin, na koma na taɓa kowanne.

Aka mayar da buhunan duka, Kawu ya shiga gaba, suka tafi gwaji har gadar. Wannan jiran ya fi komai tsawo a ranar. Na goya Iklima na sauke ta, na sake goya ta. La'asar ta yi sanyi sannan na jiyo hon tun daga nesa, ana ta danna shi kamar an ɗauko amarya. Baba Tanimu ya shigo da yatsu biyu kawai a kan sitiyari, ya bar layi biyu a fili.

Ya ce wa Kawu, ba ni ba, “Kamar an ɗora ta a kan layin dogo.” Sannan ya juyo. “’Yar nan, ya sunanki ma?”

“Rukayya, Baba.”

“Rukayya, bakina ya yi gudu da safe. Shi ma a yi masa alaimen.”

Da na koma gida na ba Baban Iklima labari, ya yi dariya har ya riƙe ƙugu. Ya tashi da sandarsa ya taka daga zaure zuwa bakin randa, ya ce, “Injiniya, duba nawa sawun.” Na duba. Na ce na dama yana ɗan ja, amma ya fi na watan jiya. Gaskiya na faɗa masa, ya kuma san ba na faɗin abin da ban gani ba.

Washegari da hantsi a-kori-kura ta tsaya a bakin titi da lodinta. Baba Tanimu ya zaro rake mafi tsawo ya jingina a rumfa ya ce na mai tafi ne. Wata tsohuwa daga saman kaya ta leƙo ta ce, “Wace ce a cikinku?” Aka nuna ni. Ta ce, “Yau ban yi salatin tsoro a gada ba, na godiya na yi. Allah ya raya miki ’yarki.” Wannan addu'ar har yau ina jin ta a ƙirjina. Kafin sati ya zagayo, motocin nan biyu da suka juya sun dawo, Baba Tanimu ne ya rako su, yana ba da labarin kamar shi ya gano sawun. Maganar hutu kuwa Kawu bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da ya yi kawai, ya ɗauki tsintsiyata ya miƙa wa Garba. Garba ya ce, “Ni, Baba?” Kawu ya ce, “Kai. Ashe karatun a nan yake, mun bar mata ita kaɗai.”

Tun daga ranar tsarin garejinmu ya sauya. Kafin zare, ruwa da tsintsiya. Kafin a taɓa gaba, a gwada tsawon gefe biyu. Motar kaya kuma a tambayi mai ita yaushe take ja, da kaya ko babu, a gwada ta a halin da take wahalar da shi. Kawu bai daina cewa tayar baya ce liman ba, sai dai ya ƙara mata jela: “Amma a duba alwalarsa.”

Abin da na koya, zare ba ya ƙarya, amma inda aka ɗaura shi yake bi. Direba kuma in ya dawo sau uku yana faɗa, kada zafin bakinsa ya hana ku jin abin da kafaɗarsa take faɗa. Shi ke riƙe da sitiyarin, da rayukan mutane a bayansa. Na kuma koyi cewa babban Oga ba wanda bai taɓa kuskure ba ne. Wanda aka yi wa tafi a gaban mutane ya ce “faɗi” ne.

Saliha, Maryama, na ga yadda kuke haɗiye magana in Garba yana awo. Na san abin, ni ma har yau muryata maƙalewa take yi a gaban manya. Ba na ce ku ɗaga murya ba. Amma in idonku ya ga layi huɗu a inda ya kamata a ga biyu, Allah ya ba ku hannu biyu. Ku tafa.